Sittanavasal: A Mayar Wa Mai Kaya Kayansa

 

Sittanavasal ƙaramin ƙauye ne a gundumar Pudukkottai ta jihar Tamil Nadu, a kudancin Indiya. Wuri ne na mabiya Jain, wani tsohon addini na Indiya. A kan dutsen ƙauyen akwai kogon Eladipattam, inda aka sassaƙa gadajen dutse 17 domin masu zuhudunsu, ɗaya na ɗauke da rubutun Tamil-Brahmi na kafin haihuwar Annabi Isa. A gefen dutsen kuma akwai wurin bautar da aka fafe, Arivar Koil, mai gunkin Parshvanatha, wanda mabiya Jain ke girmamawa, da sanannen zanen nan na rufi: tafki cike da bado, ga kifaye, ga tsuntsaye, ga giwaye da ɓauna, ga mutane suna tsinkar furanni.

Rigimata da wasu abokan aikinmu a kan wannan zane take. A 1920 Bafaranshe Jouveau-Dubreuil ya jingina shi ga Mahendravarman na Ɗaya, sarkin Pallava na ƙarni na 7. Hujjarsa? Ginshiƙan Arivar Koil sun yi kama da na Pallava, kuma ana cewa sarkin ya bi Jain kafin ya koma bautar Shiva. Kama da wane ba ta wane. Amma maganar ta shiga littattafai, har yau ana juyar da ita.

To, mu saurari dutsen da kansa. Kusa da Arivar Koil akwai rubutu da harshen Tamil da ke ambaton Ilan-Gautaman, malamin Jain daga Madurai, wanda ya gyara wurin ya kuma ƙara masa zaure a zamanin sarkin Pandya Srimara Srivallabha, mai mulki daga wajen 815 zuwa 862. Ga sunan mai aiki, ga garinsa, ga sarkin zamaninsa. Sannan da S. Paramasivan da K. R. Srinivasan suka tsabtace zanen, an gano cewa a wani sashe zane biyu ne, sabo a kan tsoho. Wato an sake shafe wurin an sake zane, daidai da gyaran da rubutun ya faɗa. Tazarar shekara kusan 200 ke nan daga Mahendravarman, kuma a ƙarƙashin wata masarauta dabam. Masu cewa tsohon zanen na ƙasa ai na Pallava ne, su kawo rubutu ɗaya na Mahendravarman a wurin, sai mu yi magana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake neman sarki ga kowane aiki mai kyau, a manta da malamin da ya tsaya a kansa da jama'ar Jain da suka zauna a dutsen nan ɗaruruwan shekaru.

Na sha faɗa, zan kuma maimaita. A gyara littattafan koyarwa, a sa sunan Ilan-Gautaman. Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wadda wurin ke hannunta, ta taƙaita yawan masu shiga Arivar Koil lokaci guda, domin baƙi sun riga sun ɓata zanen, sun kuma karce sunayensu a kan gadajen Eladipattam. A hana fasa dutse a kewayen ƙauyen gaba ɗaya.