Ɓarawon Da Ke Cikin Sandar Rake



An nemi in yi magana a kan enzayim da yadda ake duban siffarsa da kwamfuta. Na san idan na fara da ɗakin gwaji, kafin in kai rabi wasunku sun soma gyangyaɗi, saboda haka bari mu fara daga fadama.

Wata shekara, ina yaro, mahaifina ya sare rake a gonarmu ta wajen Maƙarfi, sai injin matsewa ya lalace, raken ya kwana biyar a jibge. Da aka matse aka dafa, mazarƙwaila ta ƙi kamawa, ta zauna danƙo-danƙo, dillali ya taya abin da bai kai kuɗin ƙwadago ba. Tsohon bai yi mamaki ba, domin kowane manomi a Maƙarfi da Kudan ya san rake ba ya son kwana bayan sara. Dalilin ne kawai bai sani ba.

To, ga dalilin. Sukarin da ke cikin rake, wanda ake kira sukuros, tagwaye ne a manne, watau gulukos da furuktos. Muddin suna manne, ruwan rake zai daskare idan an dafa shi. In aka raba su, zaƙi yana nan, amma daskarewa ta yi wuya, furuktos kuwa sai janyo laima. Mai raba su wani furotin ne da ake kira inbatas, wanda ke cikin raken kansa, yana kuma cikin yistin da ke sauka a bakin sara. Irin wannan furotin, mai hanzarta aiki ba tare da shi ya ƙare ba, shi ne enzayim.

Masana sun daɗe da sanin aikinsa ba su ga fuskarsa ba. A 1894 Emil Fischer, mutumin Jamus, ya kwatanta enzayim da abin da yake sarrafawa da kwaɗo da mabuɗi. A 1913 Michaelis da Menten suka fitar da lissafin saurin aikin enzayim, kuma da wannan inbatas ɗin suka yi gwajinsu. Sai a 1965 David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka gano siffar enzayim na farko, na cikin farin ƙwai, ta hanyar haska shi da eksire. A zamanin nan da waya da ƙusoshi ake ƙera siffar, a yi makonni ana fama. A 1971 aka buɗe taskar da ake kira Protein Data Bank da siffofi 7 kacal. Yau sun haura 200,000, kowa na iya ɗauka kyauta ta intanet, ya buɗe da manhajar PyMOL ko Jmol, ya juya yadda ya ga dama.

Ku nemi lamba 2AC1 a taskar. Inbatas ne na wani ɗan tsiro mai suna Arabidopsis, an bayyana siffarsa a 2006. Da farko za ku ga kamar zare ya cukurkuɗe, kada wannan ya karya muku gwiwa. Ku sa manhajar ta nuna shi kamar ƙyalle mai lanƙwasa, sa'an nan ku juya shi a hankali. Sai ga fikafikai biyar kamar na fanka, sun kewaye wani rami mai kama da mazurari. Furotin ɗin sarƙa ce ta amino asid sama da 500, amma can ƙasan ramin nan ake yanka, kuma 'yan ƙalilan ne ke riƙe da wuƙa. Wannan rami shi ne gurbin aiki.

Ku haskaka amino asid na 23, aspatik, da na 203, gulutamik. A jikin sarƙa tsakaninsu da nisa, amma naɗewar furotin ta kawo su suna fuskantar juna a cikin ramin. Sukuros yana shiga ne da ɓangaren furuktos a gaba. Na 203 ya miƙa haidurojin ga mahaɗar tagwayen, na 23 ya cafke furuktos, gulukos ya saki ya fita. Sa'an nan ruwa ya shigo ya kwance furuktos, gurbi ya koma fanko yana jiran na gaba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na 239, wanda ke bakin ramin. A 2007 masana suka musanya shi da wani amino asid, shi kaɗai, sai enzayim ɗin ya kusan daina taɓa sukuros.

Daga wannan hoto ake fahimtar abin da ke faruwa a bakin tukunya. Yankan ba ya yiwuwa sai na 203 yana riƙe da haidurojinsa, na 23 kuwa ya saki nasa, wannan kuwa sai a ruwa mai ɗan tsami. Ke nan ruwan raken da aka bari ya soma tsami ya zama gidan biki ga inbatas. Zafin tafasa kuma yana warware naɗin furotin, fikafikan su watse, na 23 da na 203 su rabu, aiki ya tsaya. A matse da wuri, a ɗora a wuta da wuri: abin da iyayenmu suka gano da hasara, ga shi a allo. Haka zancen yake ga tumatir, wanda dominsa aka kafa masana'anta a Ikara a 1981. Akwai enzayim da ke tsinka abin da ke ba shi kauri, shi ya sa mai son markaɗe mai kauri yake gaggauta dumama shi.

Sai dai in ja kunnenku. Hoton da ke allo a sandare yake, alhali kuwa enzayim motsi yake yi, yakan ma ɗan sāke siffa idan sukari ya shiga, kamar yadda Koshland ya faɗa tun 1958. Launukan nan masu ƙayatarwa mu muka shafa. Har wa yau, ba inbatas kaɗai ke ɓata rake ba. Akwai ƙwayar Leuconostoc da ke mai da sukuros yauƙi, kuma tsami da doguwar dahuwa suna raba tagwayen ko da babu enzayim. Na ga ɗalibin da ya kawo hoto mai kyau a kundinsa na gama digiri, da aka tambaye shi me na 203 yake yi, sai ya kama susar ƙeya.

Ga 'yan'uwa malaman gona kuwa, ba na ce ku ɗauki kwamfuta ku nufi fadama ba. Amma idan manomin Kudan ya tambaye ku ko zai sare rakensa tun injin bai samu ba, kuna da amsa, kuna da dalilinta. Na bar kwamfuta a buɗe a bayan zaure, 2AC1 na kan allo, mai so ya zo ya juya da hannunsa.