Hidimar Iyaye Kafin Damina ta Sauka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a Zermu da Mirriya da birnin Damagaram da duk ƙauyen da muryar nan ta kai, Allah ya karɓi azuminmu. Maganarmu ta yau a kan biyayyar iyaye ce, ta fuskar aikin hannu: ɗebo ruwa, faskaren itace, yaɓen ɗaki, gyaran danga.

Ya zo a hadisi cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya ce amin har sau uku. Da aka tambaye shi, ya bayyana cewa Mala'ika Jibrilu ne ya yi addu'ar hasara a kan mutum uku: wanda Ramadan ya riske shi ba a gafarta masa ba, da wanda aka ambaci Annabi a gabansa bai yi salati ba, da wanda ya riski iyayensa cikin tsufa ba su zama sanadin shigarsa Aljanna ba. Ku duba yadda aka jera watan nan da tsufan iyaye a addu'a guda. A Suratul Isra'i kuwa, aya ta 23, Allah ya ambaci tsufan iyaye a wurin ɗansu, wato a ƙarƙashin kulawarsa, ya hana shi ko da kalmar ƙosawa.

Babu wanda ya manta daminar 2024. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe saboda yawan ruwa. Gidaje masu yawa sun zube a birni da karkara. To, idan masallacin da idon gari duka ke kansa ya faɗi, ina ga ɗakin tsohuwa da ke can ƙuryar gida, wanda ya shekara uku bai ga yaɓe ba? Na san wata baiwar Allah mai ƴaƴa maza huɗu, kowa da ƙarfinsa. Daren da bangonta ya rufta, maƙwabci ne ya jawo ta, ta tsira da karayar ƙafa. Da safe ƴaƴan suna ta faɗin ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma tsagewar bangon nan ta daɗe tana kallonsu, su ma suna kallonta.

Bana azumi ya zo mana da rani, akwai sauran watanni kafin hadari ya haɗu. Kai ɗa, idan ka je gaishe da gyatuma kada ka tsaya a durƙuso da sannu da shan ruwa. Ɗaga kai ka dubi azara ko gara ta ci ta. Hau soro ka ga ko indararo ya toshe ko rufin ya lotsa yana tara ruwa. Zagaya ka dubi gindin bango inda ruwa ke zaizaya, da rumbu, da dangar makewayi, domin tsohon da suturarsa ta yaye ba zai iya faɗa maka da bakinsa ba. Taɓa randa ka ji. Mu mutanen Damagaram ba a ba mu labarin wahalar ruwa, kuma jarka guda ta fi ƙarfin wuyan mai shekara saba'in. Mai cewa azumi ya hana shi, ai tsakanin sallar Asuba da hantsi akwai sanyin da za a kwaɓa ƙasa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Fiyayyen halitta yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana hidimar iyalinsa. Waye kai da kwaɓa za ta zubar maka da girma?

Wannan hukunci ne, ba a bar shi ga ganin dama ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Shehu Halil ya kawo a Muhtasar, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, har da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Saboda haka wanda ci-rani ya kai Kano ko Agadas ko Libiya ko wurin haƙar zinari a Jado, bai fita daga wuyan wajibin ba. Ya aiko da kuɗi ga amintacce, ya ambaci aikin da sunansa, ya sake bugo waya ya ji an yi. Kuɗin da aka aiko babu bayani, cefanen salla ne ke cinye shi.

Wasu kuma sukan jibga wa matansu komai su kama gabansu. Matarka idan ta yi wa mahaifiyarka wanki da daka, alheri ta yi, ka gode mata. Amma kai aka haifa, kai za a tambaya. Haka saurayin da ke shirin shiga i'itikafi a goman ƙarshe alhali babu mai kawo wa uwarsa ruwa in ba shi ba: i'itikafi nafila ne, hidimar nan farilla, kuma an san wanda ake gabatarwa.

Saura ladabin aikin, inda da yawa ke ɓata ladarsu. Tsoho yana da kunya da kishin gidansa. Kada ka shigo da faɗa kana cewa me ya sa ba a gaya mini ba. Kada ka zubar da tarkacensa don ka ga ba shi da amfani. Na tuna shekarun ƙarshe na mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na zo gyara masa rumfa, yana zaune a kan buzu yana nuna mini inda zan kafa kowane dirka, alhali na san aikin. Raina ya fara sosuwa, sai mahaifiyata ta kira ni gefe ta ce in bar shi, umurnin nan shi ne abin da ya rage masa na maigidanci. Daga ranar na koma cewa, Baba, yaya kake son a yi? Rumfar ta ɗan karkace, kuma a ƙarƙashinta ya yi karatunsa har Allah ya ɗauki ransa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba masu rai lafiya. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga babin zakkar fid da kai. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.