Baƙon da ya gudo da ransa: jawabi ga matasan ƙungiya

An ce in yi magana kan hidimar ƴan gudun hijira, to ba zan ja ku da nisa ba.

Damanar bara, bayan sallar asuba, muka tarar da wata tsohuwa zaune a tashar Dogondutsi da jikoki uku da ƙullin kaya ɗaya. Daga wani ƙauyen bakin iyaka ta fito, cikin dare, bayan ƴan bindiga sun kora dabbobin garin. Na ce: "Iya, mi kike bukata?" Ta ce: "Ɗana, wurin da zan yi salla ba a kallona." Wallahi maganar nan ta zauna mini. Yunwa na damunta, amma mutuncinta ta fara nema.

Ku san wannan lamari ya daɗe a Nijar. A 2012 ƴan Mali suka shigo Tillaberi, aka buɗe sansanoni a Abala, Mangaize da Tabarebare. Rikicin Boko Haram ya tura dubban mutane jihar Diffa. A 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maradi. Kafin HCR da gwamnati su maida wasu Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, su wa suka karɓe su? Talakawan ƙauyukan Gidan Rumji, da hatsin rumbunsu da ruwan rijiyarsu. Ƙungiyoyi da motoci daga baya suke zuwa. Daren farko na maƙwabci ne.

Mu nan Arewa abin ya fi kusa da mu. Daga Dankasari zuwa Tibiri da Dumega, iyaka ce kawai ta raba mu da dangi. Mutumin Kangiwa ɗan uwanmu ne na jini da aure. Kuma kun san Shehu Usman Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, nan ƙetaren iyakarmu. Tun kafin nan sahabbai sun fake wurin Najjashi a Habasha, mutanen Madina kuma suka raba gida da gona da waɗanda suka baro Makka. Kenan musulmi bai da hujjar raina mai hijira.

To mi za mu iya, mu da ba mu da kuɗi? Abu huɗu.

Na farko, rajista. Wanda ya tsallako iyaka ɗan gudun hijira ne ko mai neman mafaka, kuma dokar 1997 ta tsara yadda ake ba shi matsayi. Wanda ya baro ƙauyensa a cikin Nijar yana ƙarƙashin dokar da aka yi a Disamba 2018. Ku raka baƙo wajen mai unguwa, sannan meri. Wanda ba a rubuta sunansa ba, taimako na wuce shi, zargi kuma na faɗa masa.

Na biyu, yara. Ku kai su likita a duba rigakafi. Tun 2006 doka ta ce kula da yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da yake wani lokaci magani na yankewa. Ku nema musu gurbi a lakwal da makarantar allo. Jaririn da aka haifa nan, a yi masa takardar haihuwa da wuri.

Na uku, asusu. Kowane mamba dala ashirin ranar Juma'a, mai gona tiya ɗaya ta hatsi lokacin kaka. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta gaban kowa. Amana ce ke riƙe asusu.

Na huɗu, sirri. Kada ku ɗauki hoton uwa tana karɓar tsaba ku sa a Facebook ko WhatsApp. Ƴan uwa mata, ku ne za ku shiga wajen mata, don akwai abin da ba za su faɗa wa namiji ba.

Na san wasu na cewa a cikin baƙi akwai masu kai wa ɓarayi rahoto. Tsoron ba na banza ba ne. Amma in kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku kai wa hukuma, kada ku yanke hukunci a majalisar shayi. Zato ɗaya na iya sa a kori gida guda zuwa dajin da suka tsere masa.

Tsohuwar nan yanzu tana toya ƙosai a bakin hanya, jikokinta biyu na lakwal. Jarin da ta fara da shi daga asusunku ya fito. Takardar sunaye na hannun sakatare. Mai iya ba da yini ɗaya a wata ya rubuta kafin mu watse. Allah ya maida kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. Wassalamu alaikum.