Jijiyar da ta saba rarrafe, ta koma tashi



Duk manomin da tsutsar masara ta addaba tun shigowarta Afirka ta Yamma a 2016 ya san tafiyarta: ta takure baya, ta miƙa gaba, a hankali. Jikinta kamar salka yake cike da ruwa, tsokokinta suna matsa ruwan nan gaɓa bayan gaɓa. Idan ta ƙoshi sai ta shige ƙasa ta kwanta cikin kwanso ja. Bayan 'yan kwanaki ta fito da fukafukai da ƙafafu shida. To, wa ke tuƙa wannan sabon jiki?

Mutum zai zaci komai na ciki narkewa yake yi a sake sabo. Gaskiya ne yawancin tsokokin tsutsa mutuwa suke yi, amma jijiyoyin da ke ba su umarni, da yawansu ba sa mutuwa. Sana'a suke sakewa, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk fannin nazarin ƙwari.

A shekarar 2000, Carsten Duch da Richard Levine na Jami'ar Arizona a Amurka sun bi diddigin ƙwayar jijiya guda ɗaya, MN5, a jikin tsutsar taba mai suna Manduca sexta. A tsutsa, aikinta motsa tsokar rarrafe mai sanyin jiki. Da lokacin kwanciya ya zo, sinadarin ekdison ya hau cikin jini, tsokar ta lalace, jijiyar ta zubar da rassanta kamar bishiyar da aka yi wa sassabe. Sai ta yi sabon toho, rassa masu yawa fiye da na da, ta kama babbar tsokar ƙirji mai saukar da fukafukai sau 25 ko kusa da haka a daƙiƙa. Ƙwayar dai ita ce, ba a kawo wata ba.

Saurin ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila, ya fi haka. Fukafukansa na kaɗawa wajen sau 200 a daƙiƙa, jijiyar kuwa ba ta aika saƙo da wannan sauri. Tunzura tsokar kawai take yi jefi-jefi. Tsokoki kashi biyu ne a ƙirji, wannan ya ja ya miƙe wancan, miƙewar ta sa shi ma ya ja.

Ba duk jijiya ke samun sabon aiki ba, fa. Wasu daga masu kula da ƙafafun cikin tsutsa suna mutuwa tare da ƙafafun.

Ɗalibai, roƙona gare ku: damina mai zuwa ku tona gindin masarar da tsutsa ta ci, ku ɗauko kwanson nan ku taɓa shi da tsinke. Za ku ga bayansa yana juyawa. Ragowar tsokokin tsutsa ke nan suna aiki, an bar su ne don su taimaka wajen fasa kwanso. Ku je ku gani da idonku.