Turken da ke Cikin Ƙwayar Halitta



Muna aji uku aka zana mana ƙwayar halitta a allo, ni kuwa na ɗauke ta tamkar ƙwarya cike da ruwa, kome na yawo a ciki. Ashe ba haka abin yake ba.

Idan mutum ya firgita ko ya sheƙa da gudu, sinadarin adiranalin kan isa ƙwayoyin zuciya. Ba ya shiga ciki. A bakin ƙofa yake tsayawa, sai ƙwayar ta samar da ɗan aike mai suna cAMP, wanda gano shi ya jawo wa Earl Sutherland kyautar Nobel a 1971. Ɗan aiken nan kan tayar da wani inzayim, PKA, wanda Edwin Krebs da abokan aikinsa suka gano a 1968. Aikinsa shi ne manna fosfet a jikin wasu furotin, su sauya hali.

To, furotin da PKA ke iya taɓawa suna da ɗimbin yawa. Mu ma'aikata mun san abin da kan faru idan umurnin da aka yi wa ofis ɗaya ya bazu ko'ina: kowa ya zartar, aiki ya dagule. Maganin wannan shi ne wasu furotin da ake kira AKAP, an san fiye da 50. Su ne turke. Kowannensu kan ɗaure PKA daidai wurin aikinsa, kamar doki a ƙofar maigidansa.

A zuciya akwai turke mai suna Yotiao. Yana ɗaure PKA a jikin mashigar fotasiyam, tare da inzayim ɗin da ke cire fosfet bayan an gama. Da haka zuciya kan shirya wa bugu na gaba da sauri. A 2007 aka gano cewa ɗan canji a Yotiao, wanda ke sassauta ɗaurin, na haddasa ciwon da ke rikita bugun zuciya, har ya kai ga suma ko mutuwar fuju'a. Saƙo ya iso, inzayim lafiya lau, turke ne kawai ya yi sako-sako.

Don haka, jama'a, yaron da ya suma yana cikin gudu ko iyo, kada a ce gajiya ce. A kai shi asibiti a auna bugun zuciyarsa.