Tunawa da Mary McLeod Bethune, Malamar da Ta Buɗe Makaranta da Dala Ɗaya da Rabi



An umarce ni da in yi magana a kan wani malami da ya bar abin koyi. Na zaɓi wata mata baƙar fata ’yar Amurka, Mary McLeod Bethune, wadda aka haifa a 1875 a jihar Karolina ta Kudu. Iyayenta bayi ne da suka sami ’yanci, ita ce ta 15 cikin ’ya’ya 17, kuma a gonar auduga ta tashi.

Hasken karatu ya zo mata ta hannun wata malama mai suna Emma Wilson, wadda ke koyarwa a wata ’yar ƙaramar makarantar mishan. Kullum Mary takan taka kimanin mil biyar a ƙasa zuwa can, da yamma kuma ta koya wa mutanen gidansu abin da ta samo. Malama Emma ce ta hango hazaƙarta, ta taimaka aka samo mata tallafin ci gaba da karatu. Da ta kammala, burinta shi ne ta zo Afirka aikin mishan, amma aka hana ta. Sai ta mai da hankali ga yaran ƙasarta.

A watan Oktoba na 1904 ta kama hayar wani gida a garin Daytona na jihar Fulorida, jarinta dala ɗaya da rabi, ɗalibanta ’yan mata biyar da ɗanta namiji. Akwatunan da aka yar su ne tebura, gawayi ne fensir, ruwan ’ya’yan itace ne tawada. Tana toya waina irin tasu ta dankali tana sayar wa ma’aikata don ta biya haya. Daga baya ta sayi filin da mutanen gari ke zubar da shara, ta gina makaranta a kai. A 1923 aka fara haɗe ta da wata makarantar maza, kuma a yau jami’a ce mai suna Bethune-Cookman.

’Yan uwa, ina roƙonku kada mu tsaya a nan. Sau da yawa akan ba mu irin wannan labari domin a ce mu yi haƙuri da aji marar rufi da albashin da ke makara. Bethune ta yi haƙuri da rashi, amma ba ta taɓa yin shiru a kansa ba. Da ta ga asibitin gari ba ya kula da baƙaƙen fata yadda ya kamata, sai ta buɗe nata a 1911. Ta koya wa manya karatu don su tsallake jarrabawar da aka gindaya domin hana su jefa ƙuri’a, har ’yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka zo makarantar cikin dare don su razana ta, ba ta gusa ba. A 1935 ta kafa majalisar mata baƙaƙen fata ta ƙasa, sannan Shugaba Roosevelt ya ɗora ta a kan sashen baƙaƙen fata na hukumar matasa, inda ta matsa har kuɗin gwamnati ya kai ga ɗaliban da a da ake tsallake su. Ta rasu a 1955.

Saboda haka nauyi biyu ne a kanmu. Na farko yana cikin aji: a cikin yaran da ke zaune a ƙasa gabanka, Malam, akwai wadda ke jiran ka lura da ita kamar yadda Malama Emma ta lura da Mary. Na biyu yana nan cikin wannan zaure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kowace makaranta ta kawo wa reshe jerin abin da ta rasa a rubuce, kujeru ne ko alli ko malamai, mu kai shi gaban hukuma da murya ɗaya, mu kuma bi sawunsa har a biya.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.