Kafin a Ce a Ƙara Suwap: Lacca kan Mutuwa da Daskarewar Ƙananan Kwamfutoci



An ce in yi magana kan ƙananan kwamfutocin nan masu falle ɗaya, irin su Raspberry Pi da Orange Pi da BeagleBone, da abin da ke sa su mutu ko su daskare ana tsakiyar aiki. Zan fi tsayawa kan Raspberry Pi, don ita na fi gani a hannun ɗalibanmu. Ta shigo kasuwa a Fabrairun 2012 daga Kambirij ta Ingila, da Eben Upton a kan gaba, a kan dala 35, da RAM na megabait 256 kacal. Yau akwai Pi 5 mai gigabait 16, amma wadda kuɗin ɗalibi yake iya saya galibi Pi 3 ce mai gigabait 1, ko Zero 2 W mai megabait 512.

Ɗalibi zai zo maka fuska a yamutse ya ce, "Malam, ta mutu." Kafin ya rufe baki abokinsa ya ce, "Memori ne ya yi mata kaɗan, ka ƙara suwap." Da wannan shawarar, ta faɗaɗa wurin ajiye rarar memori a kan kati, na zo in yi jayayya yau. Sau da yawa ba ta ko kusanci matsalar ba, inda ta kusance ta kuwa takan ƙara dagula ta.

Da farko sai a tambayi mai ita, yaya ta mutu? Wadda ta ɗauke ɗif sannan ta sake tashi da kanta daban take da wadda ta sandare, linzami ba ya motsi, koriyar fitilarta na kunne ba ta ƙiftawa. Su biyun kuma daban suke da wadda komai nata ke tafiya lafiya sai manhaja guda da aka waiga babu ita. Ta biyu da ta uku ne kawai suke da alaƙa ta kusa da ƙarancin RAM. Ta farko kuwa, ni wuta nake fara tuhuma.

Pi tana son bolt 5, kuma a jikinta akwai ma'aunin da yake ƙorafi da zarar wutar ta faɗi ƙasa da kimanin bolt 4.63. Tazarar ba ta kai rabin bolt ba. Shi ya sa cajar kamfanin take ba da bolt 5.1: amp 2.5 ga Pi 3, amp 3 ga Pi 4, amp 5 ga Pi 5. To, mu me muke yi? Mu zaro cajar waya daga soket, mu haɗa da kebul ɗin da muka tsinta a aljihun jaka. Mu yi lissafi tare. Siririyar wayar da ake sakawa cikin kebul mai araha, lamba 28 a ma'aunin Amurka, tana da turjiya kimanin om 0.21 a kowace mita. Wutar za ta je ta dawo, ya zama 0.42 ke nan a kebul mai tsawon mita ɗaya. Idan Pi ta ja amp 1.5, dokar Ohm ta ce an zubar da bolt 0.63 a hanya. Cajar ta ba da 5, abin da ya isa falle bai kai 4.4 ba. Abin haushin shi ne, lokacin da take zaune ba ta aikin komai ba ta jan wuta sosai, sai ka ga lafiya lau. Sai an ɗora mata aiki mai nauyi, firosesa ta buɗe wuta, sannan ta faɗi. Shi kuwa aiki mai nauyi shi ne kuma mai cin memori, daga nan ruɗanin yake farowa, a ɗora wa RAM laifin kebul.

Ganewa ba wuya. A Pi 3 da Pi 4, ku zuba wa jar fitila ido: idan tana ɗaukewa tana dawowa, wuta ce ba ta isa. Sannan ku rubuta vcgencmd get_throttled. In ta amsa 0x0, kun wanke caja. In ta ce 0x50000, wuta ta taɓa faɗuwa tun da aka kunna ta, har an rage wa firosesa gudu. In ta ce 0x50005, yanzu haka abin ke faruwa. Wanda ya ga ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe ya tafi gyaran suwap, ya bar jaki yana dukan taiki.

Su kansu masu ƙera ta sun sha tuntuɓe a kan wuta. Pi 4 ta farko, ta 2019, an yi kuskure a mashigarta ta USB-C, har wasu kebul masu tsada suka ƙi ba ta wuta sam, sai da aka gyara a bugu na gaba. Pi 2 ta 2015 kuwa, idan aka haska mata filashin kyamara irin na zinon sai ta mutu nan take, saboda hasken yana rikita wani ɗan guntu mai daidaita wuta da ba a lulluɓe shi ba.

Zafi ba zan daɗe a kansa ba. Firosesa tana fara rage gudu a digiri 80, ta ƙara ragewa a 85, kuma vcgencmd measure_temp zai gaya muku inda take. Zafi yakan jawo nawa, da wuya ya kashe ta. Sai dai wanda ya kulle ta cikin akwatin roba, ƙarƙashin kwano, a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda iskar waje ta haura digiri 40, ya sa mata ƙarfen shan zafi da 'yar fanka, ya kuma riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu.

Yanzu mu zo kan memori.

Ku ɗauki RAM kamar kantar mai shago, suwap kuma siton da yake can bayan kasuwa. Kayan da ba a cika tambaya ba, hikima ce a kai su sito don kanta ta sami sarari. Amma idan kayan da ake tambaya kowane minti sun fi ƙarfin kantar, yaron shago zai wuni yana safa da marwa, ya kai wannan ya ɗauko wancan, masu saye na tsaye ba a sallami kowa ba. Faɗaɗa siton ba zai rage masa tafiya ko taku ɗaya ba.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Dabarar ajiye wani sashe na memori a waje ta faro ne da kwamfutar Atlas ta Jami'ar Mancesta, wadda aka ƙaddamar a 1962. Zuwa 1968 Peter Denning ya riga ya bayyana yadda na'ura ke durƙushewa idan shafukan da manhajoji ke buƙata a lokaci guda suka fi abin da RAM zai ɗauka. Abin da ƙananan kwamfutocinmu suka ƙara shi ne sun ɗora suwap a wuri mafi muni, wato katin memori.

Linux yana sarrafa memori ne shafi-shafi, galibi kilobait 4 kowanne, kuma shafukan a warwatse suke. Gudun da ake bugawa a jikin kwalin kati, megabait kaza a daƙiƙa, na dogon fayil ne da ake karantawa a jere, kamar bidiyo. Ga ƙananan gutsattsari labarin daban ne. Kati mai tambarin A1, alkawarin da ya ɗauka shi ne karatu 1,500 da rubutu 500 a daƙiƙa. Ku ninka 500 da kilobait 4, kun sami kimanin megabait 2 a daƙiƙa, alhali RAM yana wuce gigabait guda a daƙiƙar. Da wannan gudun, fitar da megabait 300 zai ci minti biyu da rabi. Katin da ba shi da tambarin ma ko wannan alkawarin bai yi ba. Wannan ita ce koriyar fitilar da ta tsaya cak. Kwamfutar ba ta mutu ba, jiran kati take yi. Mai ita ya gaji ya zare caja, daidai lokacin da ake tsakiyar rubutu, gobe kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya saboda fayiloli sun lalace. Matsala ɗaya ta haifi ta biyu.

Shekaru da dama Raspberry Pi OS ya riƙa zuwa da suwap na megabait 100 kacal, a ƙarƙashin dphys-swapfile. Mutane na ganin rowa ce. Ni ina ganin akwai hankali a ciki. Idan RAM da suwap suka cika, Linux yana da ɗan sandansa: ya duba manhajar da ta fi cin memori ya kashe ta, sauran su numfasa. Zai bar shaida, layin da ke cewa Out of memory: Killed process, wanda dmesg zai nuna muku, manhajar kuma ta fita da lamba 137. Da ƙaramin suwap, wannan hukuncin yakan zo da wuri. Ka mayar da shi gigabait 2 a kan kati, ka jinkirta hukuncin, ka sayi doguwar daskarewa da kuɗinka, ga katin yana tsufa, don kowane gurbi a cikinsa yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa.

Kada kuma wani ya ce to bari ya kashe suwap ɗin kwata-kwata. Idan babu inda za a kai shafukan bayanai, Linux zai koma korar shafukan manhajojin kansu daga RAM, tunda akwai kwafinsu a kati, sannan ya sake karanto su bayan ƙiftawar ido. Daskarewar dai ita ce.

Yaya za a tabbatar memori ne? Ku rubuta free -h, amma ku kalli gurbin available, ba free ba. Linux yana cika RAM ɗin da ba a amfani da shi da kwafin fayiloli, kuma zai sake shi da zarar an nema, don haka ƙaramar lamba a free ba abin tsoro ba ce. Sannan ku buɗe taga ta biyu ku bar vmstat 1 yana gudana. Ku kalli si da so, shiga da fita daga suwap. Ganin megabait 80 a kwance cikin suwap alhali si da so suna sifiri, lafiya ce. Ganin su biyun suna ta harbawa daƙiƙa bayan daƙiƙa, gurbin wa yana hawa, nan ne ciwon yake.

In an tabbatar, maganin farko shi ne rage kaya. Kwamfutar da za a rataye a gona tana auna danshin ƙasa, ko a makaranta tana raba Kiwix ko Kolibri, me za ta yi da tagogi da linzami? A sa mata sigar Lite ta Raspberry Pi OS. Mai harhaɗa babbar manhaja irin OpenCV a kan gigabait 1, ya bar make -j4 ya koma -j1, don kowane reshe da nasa cin memorin. A irin wannan aikin na yini guda na yarda a ƙara suwap, a gama a mayar da shi yadda yake, in da hali ma a ɗora shi kan SSD ta USB. Akwai kuma manhajar da ke yoyo: 'yar rubutun Python da ke tara kowane awo a jeri ɗaya ba ta zubarwa. Ku duba top da safe, ku duba da yamma. In lambar RES sai hawa take ba sauka, ko suwap na gigabait 10 aka ba ta, ranar mutuwar kawai aka ɗaga.

Magani na biyu shi ne zram, wanda ya zauna daram a Linux tun siga ta 3.14 a 2014. Maimakon a kai shafi kati, sai a matse shi a ajiye cikin RAM ɗin kansa. Bayanai da yawa sukan matsu zuwa rabi ko ƙasa da haka, firosesa ta ɗan ƙara aiki, kati ya huta. Wayoyin Android da yawa da shi suke aiki, Fedora ta koma kansa a 2020, Armbian ma da shi yake zuwa. Ga Zero 2 W, bambancin a bayyane yake. Amma hotuna da bidiyon da aka riga aka matse ba za su ƙara matsuwa ba. Ina kuma son earlyoom, 'yar manhajar da ba ta jira a kai bango: da zarar RAM da suwap duka sun ragu ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai ta sallami mafi ci.

Shi kansa katin a gwada shi kafin a amince masa. Akwai na jabu da aka rubuta wa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, kuma ba ya nuna halinsa sai an cika ainihin girman nasa. Manhajar f3 a Linux, ko H2testw a Windows, za ta cika shi ta karanta ta tona asirinsa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ko ake sauyawa tsakanin janareto da sola, a kunna tsarin overlay daga raspi-config don kati ya zama na karatu kawai, ko a sa ɗan batir a tsakani.

Saura shaida, wadda ita ce ɗalibanmu suka fi sakaci da ita. A wasu sigogin, rajistar abubuwan da suka faru a RAM take zama, tana tafiya tare da mutuwar. Ku sa Storage=persistent a saitin journald, bayan ta tashi ku rubuta journalctl -b -1 ku karanta ƙarshen zaman da ya wuce. Ku yi hattara da lokutan da ke ciki, don kafin Pi 5 babu agogo mai riƙe lokaci a jikin falle, daga intanet take samun sa'a. Layukan ƙarshe ma sukan ɓace kafin su isa kati. Mai son jin kalmarta ta ƙarshe sai ya haɗa kebul ɗin siriyal mai bolt 3.3 a ƙafa ta 8 da ta 10 da ta ƙasa, a gudun 115200, ya bar wata kwamfutar tana saurare har abin ya faru.

Wadda aka girke nesa, inda zuwa zare caja sai an hau babur, a kunna mata mai gadin da ke cikin guntun Broadcom ta hanyar RuntimeWatchdogSec. In tsarin ya daina taɓa shi, zai sake tayar da ita da kansa. Kada ku ba shi fiye da daƙiƙa 15, iyakarsa ke nan. Amma lokaci-lokaci ku riƙa duba journalctl --list-boots, domin mai gadin zai iya tayar da ita sau goma a dare ku kuna ganin komai lafiya.

Shugaban zama, na ga an ɗaga mini takarda. Na kawo Pi 3 guda da kebul iri biyu, suna kan teburin can. Bayan tambayoyi, mai so ya zo ya gwada get_throttled da kowannensu da hannunsa.